Yadda ake kwatanta sautin hedifon biyu ba tare da kunne ya yaudare ka ba

Duk wanda ya taɓa ɗora hedifon a kansa, ya cire, ya ɗora wani, ya san yadda hukunci ke saurin zuwa. Kafin mawaƙi ya kai amshi, zuciya ta riga ta ce wannan ya fi. To amma sau da yawa abin da ya ci gasar ba ingancin sauti ba ne. Ko dai ɗayan ya ɗan fi ƙara, ko sunan kamfanin da ke jikinsa ya cika ido, ko kuma soson ɗayan bai kama gefen kunne da kyau ba. Mutane na zuba kuɗi masu yawa a kan hukuncin minti biyar irin wannan, kuma abin yana damuna, don gyara gwajin ba ya cin komai sai haƙuri da bin tsari. Ga yadda ake yi, tun daga shiri har zuwa yanke shawara.

Fara da sanin irin abin da ke hannunka

Kafin ka kunna komai, juya kofin kunnen ka dubi bayansa. In raga ce har kana hango abin da ke ciki, buɗaɗɗe ne, irin Sennheiser HD 600 ko Beyerdynamic DT 990. In a rufe yake ruf, rufaffe ne, irin DT 770 ko Sony MDR-7506. Buɗaɗɗe yana barin iska ta wuce, shi ya sa sautinsa ke sakewa, sai dai hayaniyar ɗaki na shigo masa, na kusa da kai kuma yana jin abin da kake ji. Rufaffe yana tare hayaniya, bes ɗinsa, wato kakkauran sauti, yakan fi nauyi, amma sautin da ke kai-komo a cikin kofin yakan bar masa ɗan kumburi. Sennheiser ce ta fito da buɗaɗɗe na farko, HD 414, a 1968, kuma har yau yawancin waɗanda masu son tsabtar sauti ke yabo buɗaɗɗu ne. Idan za ka haɗa buɗaɗɗe da rufaffe a gwaji ɗaya, kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka rufe taga. In ba haka ba gurnanin fanka zai danne bes ɗin buɗaɗɗen, ka ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Sai abin da ke motsa iskar a ciki. Mafi yawa naɗin waya ne manne da tantani a gaban maganaɗisu, kamar kowace lasifika. Akwai filana, wanda tantaninsa shimfiɗaɗɗe ne siriri, da layukan ƙarfe a jikinsa, tsakanin jerin maganaɗisu. Yamaha ta yi irinsa tun 1976, yanzu kuma Audeze da Hifiman ne suka yi suna a kansa. Na uku shi ne irin na kamfanin Stax na Japan, wanda ya fara fitowa a 1960. Shi tantaninsa caji yake ɗauka, har volt 580 a na zamani, don haka ba ya aiki sai da amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, irin tasa. Ka san wannan don ka shirya kayan da kowanne ke bukata, amma kada sunan fasahar ya yanke maka hukunci tun kafin ka ji. Cikin kowane iri akwai mai daɗi, akwai mara daɗi.

Tushe ɗaya, hanya ɗaya

Dukansu biyu su sha daga fayil ɗaya, ta DAC ɗaya, ta amfilifaya ɗaya, sai fa in ɗayan irin na Stax ne mai bukatar tasa. DAC ita ce na'urar da ke mayar da lambobin fayil su zama sautin lantarki. Akwai ta a cikin kowace waya da kwamfuta, akwai kuma ta waje. Shiga saitin waya ko kwamfutar ka kashe duk wani abu da ke taɓa sauti: mai ƙara bes, mai faɗaɗa fili, ikwalaiza (mai ɗaga wani sashen sauti ko rage shi), da mai daidaita ƙarar waƙoƙi da kansa. Fayil mai ingancin faifan CD, wato bit 16 da kHz 44.1, ya wadatar, ko nau'in fayil ɗin FLAC ne ko WAV. Idan ɗaya daga cikin hedifon ɗin na Bluetooth ne, ka sani cewa yana ɗauke da DAC da amfilifaya da gyaran sauti nasa a ciki, kuma da yawansu sautinsu na canzawa in aka kashe su aka sa kebul, ko in aka kunna mai kashe hayaniya. Gwada shi a yanayin da za ka riƙa amfani da shi.

Nan ne maganar om ke shigowa, wato turjiyar da hedifon ke yi wa lantarki. HD 600 om 300 ne. Audio-Technica ATH-M50x om 38. DT 770 Pro kuwa ana yin sa a om 32, da 80, da 250. Mai om da yawa yana son volt mai yawa kafin ya yi ƙara, wasu filana kuma om ɗinsu kaɗan ne amma suna jan wuta sosai. Alamar cewa tushenka ya gaza ba ɓoyayya ba ce: ka kai maɓallin ƙara ƙarshe kana son ƙari, ko kuma duk sanda ganga ta buga da ƙarfi sai sautin ya tsage. Hedifon da ba a ba shi isasshiyar wuta ba bai shiga gasar ba tukuna.

Akwai kuma turjiyar mafitar amfilifaya ita kanta, wadda mutane ke mantawa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Ga mai om 32, mafitar kada ta haura om 4. Dalili shi ne turjiyar hedifon mai naɗin waya ba a tsaye take ba. Ta HD 600, misali, tana hawa ta doshi om 500 a wajen Hz 100 (Hz ma'aunin kauri ko sirantakar sauti ne: ƙaramar lamba kakkaura, babba siriri, kHz 1 kuma Hz 1000 ne). In mafitar amfilifaya na da turjiya mai yawa, kamar wasu masu aiki da bawul irin na tsohon rediyo, sai wannan wurin ya kumbura, bes ya ƙaru. Filana yawanci turjiyarsa a miƙe take, abin bai cika taɓa shi ba. Ka ga amfilifaya ɗaya na iya canza wa ɗaya murya ta bar ɗayan yadda yake.

Zaɓi abin da za ka saurara

Kada ka nemo sabuwar waƙa don gwaji. Ɗauki biyar ko shida da ka haddace, waɗanda ka ji a mota, ka ji a waya, ka ji a babbar lasifika. Daga kowacce ka ware gutsure na daƙiƙa 10 zuwa 20, ka sa manhajar ta riƙa maimaita shi.

A ganina na farko ya zama magana zalla, muryar mutum ɗaya ba kiɗa. Babu sautin da kunne ya sani kamar muryar ɗan Adam, ko kaɗan aka jirkita ta sai ya gane. Sai muryar mace mai zaƙi, inda ake yawan furta s da sh da ts. Sai gutsure mai ganga mai zurfi da jitar bes. Sai wurin da kayan kiɗa suka yi cunkoso, kowa na bugawa lokaci guda. Sai wani da aka ɗauka kai tsaye a babban zaure, inda ake jin amon ɗakin da tafin jama'a. Na ƙarshe, kuma kada ka tsallake shi, waƙar da kake ƙauna wadda ba a ɗauke ta da kyau ba. Yawancin abin da mutum ke ji a rayuwarsa irin wannan ne, kuma hedifon da ya mayar da rabin waƙoƙinka abin gudu bai yi maka rana ba, komai kyansa a kan faifan da aka tace.

Daidaita ƙara: matakin da komai ya rataya a kansa

In za ka yi sakaci da wani mataki, kada ya zama wannan. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, masu bincike a Bell Labs a Amurka, suka nuna cewa kunne ba ya jin kowane sauti daidai wa daida. A ƙaramar ƙara, kakkauran sauti yana ɓace wa kunne fiye da na tsakiya, kuma da zarar an ɗaga ƙarar, bes ne ke saurin cikowa. Ma'aunin ISO 226 na yau a kan wannan yake magana. Abin da hakan ke nufi a wurin gwaji shi ne: in ɗaya ya fi ɗaya da desibel 1 kacal (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), da wuya ka ce ya fi ƙara. Cewa za ka yi ya fi cika, ya fi fayyace, ya fi rai. Kuma tunda hedifon biyu ba su cika ba da ƙara ɗaya a wuri ɗaya na maɓalli ba, zare wannan ka cusa wancan ba tare da taɓa maɓallin ba gwajin banza ne.

Ga hanyar da kowa zai iya. Sauke manhajar auna ƙara a waya. Samo kwali mai kauri wanda ya fi soson kunnen faɗi, ka huda shi a tsakiya daidai yadda ƙasan wayar, inda makirfon yake, zai leƙa ciki. Ɗora kwalin a kan soson ya rufe shi duka, ka danna a hankali kamar yadda kai zai danna. Yanzu kunna hayaniyar gwaji da ake kira fink noyis, mai shuuu irin na ruwan sama. In ka sami wadda aka taƙaita tsakanin Hz 500 da kHz 2 ta fi, don nan ne murya take. Murɗa maɓalli har manhajar ta nuna, a ce, desibel 75. Rubuta inda maɓallin ya tsaya. In lamba manhajar kiɗan ke nunawa, rubuta lambar. In maɓallin murɗawa ne, manna ɗan tef a jikin amfilifayar ka ja layi da biro. Ɗauki hedifon na biyu, kwali ɗaya, rami ɗaya, dannawa iri ɗaya, ka murɗa har ka ga 75 ɗin nan, ka ja layi na biyu. Makirfon waya ba ma'aunin ƙwararru ba ne, lambar da ya nuna na iya kaucewa gaskiya da 'yan desibel, amma tunda kuskurensa ɗaya ne a kan duka biyun, bambancin da ke tsakaninsu kake nema kuma zai ba ka shi. Auna sau uku, kana ɗaga kwalin kana mayarwa, ka ɗauki matsakaici.

Bayan haka tabbatar da kunne. Sa gutsuren maganan nan, ka ji ko muryar na da ƙarfi ɗaya a duka biyun. Ba za a taɓa samun daidaito cif ba, don wani bes ɗinsa ya fi yawa, wani siririn sautinsa, amma in muryar ta zo ɗaya, ka sami ƙasa mai kyau ta tsayawa.

Kada ka yi amfani da kebul mai reshe biyu ka jona su tare a rami ɗaya. Ba za ka iya daidaita kowanne daban ba, kuma nauyin biyun a kan amfilifaya zai canza sakamakon.

Ɗora shi yadda ya kamata

Soso shi ne rabin sautin hedifon. Ja madaurin kai har kunnenka ya zauna a tsakiyar kofi, ba ya naɗewa, ba ya taɓa sama ko ƙasa. Ture gashi gefe, cire hula ko ɗankwali in sun shiga ƙarƙashin soson. Sa gutsuren bes, sannan ka ɗan danna kofunan biyu da yatsu a hankali. In bes ya ƙaru sosai, iska na fita ta wani wuri, galibi ta bayan muƙamuƙi ko ta inda ƙafar tabarau ta ratsa. Rufaffu ne suka fi cutuwa da wannan. Ƙafar tabarau mai kauri na iya kwashe musu bes da yawa. In da tabarau kake rayuwa, da shi za ka yi gwajin, don sautin da za ka riƙa ji ke nan. A kan filana da irin na Stax danna da lallami ƙwarai, tantaninsu siriri ne, ba ya son matsin iska na farat ɗaya.

Dubi shekarun soson kuma. Wanda ya kwana biyu ya lotsa yana matso da lasifikar kusa da kunne, sautin ya canza, sau da yawa siririn sauti ya dushe. Haɗa tsohon soso da sabo kwatanta shekaru ne, ba kwatanta ƙira ba. Ga na cusawa cikin kunne, robar bakin ita ce soson: gwada girma biyu ko uku har ka ji kunnen ya toshe, muryarka ta koma cikin kanka.

Yanzu saurara, tambaya ɗaya a lokaci guda

Kunne ba ya riƙe ainihin sauti sai na 'yan daƙiƙu. Bayan nan abin da ya rage a ka bayanin sautin ne kawai, ba shi kansa ba. Shi ya sa gutsuren ke zama gajere, canjin kuma ke zama da sauri. Ajiye su biyu kusa da hannu, ka saba da zare wannan, murɗa maɓalli zuwa layinsa, ɗora wancan, cikin daƙiƙa kaɗan. Rage ƙara kafin ka zare ko ka cusa filogi. Ji na farko, ji na biyu, sannan ka juya: na biyu, na farko. Wanda aka ji daga baya yakan ci moriyar zama sabo, juyawar ce ke kashe wannan.

Kada ka tambayi kanka wanne ya fi daɗi tukuna. Kowane zagaye, abu ɗaya za ka bi, ka rubuta abin da ka ji kafin ka wuce.

Fara da murya. Mutumin yana magana ne kamar yana gabanka, ko kamar ta hanci, ko kamar daga cikin tulu? Ya matso har yana maka ihu a fuska, ko ya ja baya? Wurin kHz 1 zuwa 4 ne ke yanke wannan. In ya yi yawa, murya ta yi tsawa. In ya yi kaɗan, ta yi nisa kamar an rufe ta da mayafi. HD 600, wanda ya fito tun 1997, har yau da shi ake auna wasu a wannan fanni, saboda muryarsa ba ta da ƙari ba ta da ragi.

Sai bes, kuma a nan ka raba yawa da zurfi, don ba abu ɗaya ba ne. Zurfi shi ne Hz 20 zuwa 60, gurnanin da kusan a jiki ake jin sa. Duka, wato bugun ganga da ke zuwa kamar naushi, yana wajen Hz 60 zuwa 150. Daga Hz 200 zuwa 400 kuwa, in abin ya yi yawa, komai sai ya dagule, muryar namiji ta kumbura, jita ta rasa tsabta. Hedifon da yawa na ɗaga tsakiyar nan su bar ƙasan fanko, mai ji ya ɗauka bes ne mai yawa. Bi jitar bes da kunne: kana iya rera kowace nota da ta buga, ko duk sun zama gunji ɗaya? In ganga ta buga, sautin na tsayawa cak ko yana jan ƙafa? Buɗaɗɗu masu naɗin waya, har da HD 600 ɗin, sukan yi rauni a can ƙasa. Filana mai kyau yakan sauka har Hz 20 a miƙe, amma wani lokaci dukansa bai kai na mai naɗin waya kaifi a kunnen wasu ba. Rubuta abin da ka ji kai.

Siririn sauti shi ne inda aka fi faɗawa rami. Hedifon da aka ɗaga masa wajen kHz 5 zuwa 10 yana burge mutum nan take. Za ka ji numfashin mawaƙiya, ka ji yatsa na goga igiyar jita, ka ce lallai wannan yana tono abin da ɗayan ya binne. Sau da yawa ba tono ba ne, haske ne aka ƙara wa wuri ɗaya. Koma kan ɗayan ka nemi numfashin nan da gangan. Galibi yana nan, bai yi tsalle ya fito gaba ba ne kawai. Gwajin gaskiya shi ne gutsuren muryar macen: in kowace s da ts na sukan kunne kamar allura, in farantin ƙarfen mai ganga ya koma tsss mara jiki, to abin da ya burge ka a minti na farko shi zai gajiyar da kai a awa ta biyu. Wannan ba matsalar masu araha kaɗai ba ce. Sennheiser HD 800 na 2009, duk da yabon da ya sha, an san shi da tsini a wajen kHz 6, har kamfanin ya sa masa abin shanye wannan tsinin a HD 800 S. DT 990 ma an san shi da kaifi a sama. Akwai masu son hakan, kuma ba laifi, muddin mutum ya san abin da ya zaɓa.

Sai fili. Rufe ido a kan gutsuren zauren nan. Makaɗan suna cikin kanka ne a layi ɗaya daga kunne zuwa kunne, ko sun ɗan fita waje? Kana iya nuna da yatsa inda goge yake, da inda sarewa take? Faɗi daban, tsayuwar kowa a mazauninsa daban. Wani hedifon filinsa faffaɗa ne amma tsakiya ta yi rami, mawaƙin ba ya tsaye a ko'ina. Daga nan ka wuce gutsuren cunkoso, ka zaɓi kayan kiɗa ɗaya mara ƙarfi, ka ga ko za ka iya bin sa daga farko har ƙarshe bai nutse ba.

Bayan minti 20 ko 30 ka tashi ka huta. Kunne kamar hancin mai zaɓen turare ne, in ya shaƙi kwalba biyar a jere ba ya ƙara bambance komai.

Gwaji biyu masu sauri

Nemo sautin gwaji mai hawa a hankali daga Hz 20 zuwa kHz 20, ka rage ƙara sosai kafin ka kunna shi. Tashin da za ka ji a wajen kHz 2 zuwa 4 na halitta ne, ramin kunne ne ke ƙara shi. Abin da kake nema shi ne wurin da sautin ya yi tsalle ko ya nutse farat ɗaya, ko inda wani abu ke karkarwa a cikin kofi, wanda sau da yawa silin gashi ne ya maƙale a jikin tantani.

Na biyu, mayar da manhajar kiɗan zuwa mono, yadda hagu da dama za su sami abu ɗaya. Murya ta tsaya a tsakiyar kai. In ta karkata gefe, juya hedifon ɗin, hagu ya koma dama. In karkatar ta bi kofin, hedifon ne ke da matsala. In ta tsaya a kunne ɗaya, naka kunnen ne, kuma ya kamata likitan kunne ya duba shi.

Gani ya kori ji

A wannan harka karin maganar nan gargaɗi ce. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun sa mutane sun ba lasifiku maki, sau ɗaya suna ganin su, sau ɗaya a bayan labule. Makin ya canza: manya masu tsada sun sami ƙari da ido ya gan su, kuma ƙwarewar mai sauraro ba ta kare shi daga hakan ba. A 2017 kuma Jeroen Breebaart ya bincika awon hedifon 283, bai sami wata alaƙa ta kirki tsakanin kuɗinsu da yadda suke rarraba sauti daga kauri zuwa siriri ba.

Ɓoye hedifon daga mai sa shi yana da wuya, don kai na gane nauyi da matsi da laushin soso. Duk da haka nemi wani ya tsaya a bayanka, ka rufe ido, shi ya riƙa ɗora maka yana murɗa maɓallin, ba tare da ya bi jeri ba. In abin da kake kwatantawa amfilifaya ce, ko DAC, ko kebul, ko FLAC da MP3, to a nan gwajin rufe ido cikakke yana yiwuwa. Manhajar foobar2000 na da ƙarin ABX na fayiloli: ta ba ka A, ta ba ka B, ta ba ka X ka faɗi wanne ne. Cin 12 cikin 16 ne ake fara ɗauka a matsayin ji na gaske, don yiwuwar samun haka da cinke ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Ga kuma wata dabara da nake ganin ta fi kowace amfani. Da ka fitar da gwani, rage masa desibel 1 ka sake zagayen. In har yanzu shi ne, nasararsa ta gaske ce.

Sai yanzu ka dubi zanen awo

Bar zanen awo, wato layin da ke nuna yawan kowane sashen sautin hedifon daga kauri zuwa siriri, sai bayan ka rubuta naka, in ba haka ba abin da ka gani shi za ka ji. Ana auna hedifon a kan kunnen roba mai makirfon a ciki, irin na GRAS ko Brüel & Kjær 5128. Kada ka haɗa zanen da aka yi a kan wannan na'ura da na waccan, ba sa ba da layi ɗaya. Kada kuma tudun da ke wajen kHz 3 ya tsorata ka, dole ne ya kasance, tunda haka kunne ke karɓar sauti daga waje. Abin da ke sama da kHz 10 kuwa kada ka ba shi gaskiya sosai, da an ɗan gusa da kofi yake canzawa, kuma kunnen roba ba naka ba ne.

Za ka yawaita ganin layin Harman a kan zanen, wato layin da ke nuna irin sautin da yawancin mutane suka fi so. Sean Olive da Todd Welti da abokan aikinsu ne suka fitar da shi daga gwaje-gwajen rufe ido, na farko a 2013, aka sake gyara shi har zuwa 2018. Binciken nasu ya nuna kusan kashi 64 cikin 100 na masu sauraro sun fi son sautin da ke kusa da layin, kashi 15 na son ƙarin bes, kashi 21 na son ragi. Ka ga mutum ɗaya cikin uku yana wajen layin, kuma ba kuskure ya yi ba. Amfanin zanen shi ne ya fassara maka abin da ka ji: ka rubuta cewa s na suka, ka duba ka ga tsini a kHz 8, yanzu ka san sunan abin da ke damunka, kuma za ka gane shi a kan kowane hedifon nan gaba.

Gwada gyarawa kafin ka yanke

In bambancin da ya sa ka fifita ɗaya na yawan bes ne ko kaifin sama, ikwalaiza na iya rufe shi. A kwamfuta mai Windows akwai Equalizer APO, kyauta ne, shafin AutoEq kuma na da saitin ikwalaiza na dubban hedifon. Ƙara wa mai raunin bes desibel 3 ko 4 daga Hz 100 zuwa ƙasa, ko ka rage wa mai tsini desibel 3 a inda yake sukan. Duk abin da ka ƙara, rage ƙarar gaba ɗaya da gwargwadonsa don kada sautin ya tsage, sannan ka koma kan kwali ka sake daidaita su. Sau da yawa tazarar da kake gani kamar sama da ƙasa sai ta tsuke. Abin da ya rage bayan wannan, kamar faɗin fili, ko bes da ke tsagewa in an matsa masa, ko yadda sauti ke canzawa duk sanda ka motsa kai, shi ne ainihin bambancin ƙirar.

Zauna da kowanne

Canji mai sauri yana nuna bambanci, amma ba ya faɗa maka wanda za ka iya zama da shi. Ba kowanne yini biyu ko uku shi kaɗai, ɗayan na cikin akwati. Ƙwaƙwalwa na sabawa da sabon sauti, kuma yawancin gyaruwar da ake cewa sautin hedifon ya yi bayan an daɗe ana kunna shi, sabawar kunne ce da laushin soso. Lura da hannunka: in kana yawan kai shi ka rage ƙara, akwai abin da ke sukan ka, in kana yawan ƙarawa don ka ji murya, tsakiyar ta yi rami. Lura da lokacin da ka cire shi da abin da ya sa. HD 600 giram 260 ne, wasu filana kuwa sun haura rabin kilo, kuma wuya na sanin bambancin bayan awa biyu. Ga zafin soson leda, ga matsin muƙamuƙi, ga tsakiyar kai inda madauri ke dannawa.

Duk tsawon wannan ka tsare ƙarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar kada su wuce desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Sauti mai tsabta ba ya gargaɗi kamar mai tsagewa, shi ya sa ake wuce gona da iri a kan hedifon mai kyau ba a sani ba. In ka cire ka ji kunne na ƙara ko ya yi dum, dakatar da gwajin sai gobe, kuma ka dawo da ƙarar ƙasa da ta yau.

A ƙarshen kwanakin, ɗauko takardarka ka sake zagaye ɗaya na canji mai sauri, da gutsuren nan shida, da layukan tef ɗin nan biyu. In gwanin ranar farko shi ne gwanin zama, ka gama. In sun saɓa, bi na zama. In kuma har yanzu sun yi kunnen doki, ɗauki wanda ya fi sauƙi a ka, sannan ka bincika ko ana samun sosonsa da kebul ɗinsa daban, don soso na lotsewa cikin shekara ɗaya ko biyu ga mai yawan amfani, kuma sai da sabon soso irin na asali sautin da ka zaɓa zai dawo.